Abubuwan da ya kamata ka sani game da "Tahoultine", waƙar da aka naɗa a Sakkwato ta fito da Mdou Moctar duniya

Idan ka tsaya a rumfar masu cajin waya a garinmu Yalwan Damai ka tambayi samarin da ke zaune a benci ko sun san Mdou Moctar, da wuya ka samu wanda zai ɗaga kai. Za su lissafo maka mawaƙan Kano da Kaduna ɗaya bayan ɗaya, amma wannan suna baƙo ne a kunnensu. Alhali mutumin yau yana cikin makaɗan jita da ake ji da su a duniya, yana cika ɗakunan wasa a Amurka da Turai tare da ƙungiyarsa ta mutum huɗu. Abin da ya sa na ga ya dace mu san labarinsa shi ne, waƙar da ta fara ɗaga shi a ƙasar Hausa aka haɗa ta, da irin kayan da ake yi wa finafinanmu kiɗa, kuma ta yi tafiyarta ne ta irin hanyar da waƙoƙi ke iso mu a ƙauye, daga waya zuwa waya. Sunan waƙar "Tahoultine".

Wane ne shi?

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Buzu ne ɗan Jamhuriyar Nijar, an haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a Cintabaradan cikin jihar Tawa, daga baya Agadas ta zama mazauninsa. Gidansu gidan addini ne, ba a maraba da kiɗa, don haka ba wanda zai saya masa jita. Yana yaro ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jitar Buzaye a Nijar, abin ya shiga ransa. Sai ya samo katako ya sassaƙa, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya haɗa garaya da gwangwanin madara da zaren buhu ya san irin wannan ƙwazo. Bahago ne kuma, da hagu yake kaɗawa, kuma wannan zai sake tasowa a gaba.

Kiɗan da ya tarar yana da tarihinsa. Farin shekarun 1970 da 1980 ya kashe dabbobin Buzaye, ya tura samarinsu Aljeriya da Libiya neman abin yi. A can suka ɗauki jita suna rera waƙoƙin kewar gida da na gwagwarmaya. Ana ce musu ishumar, kalmar da ta samo asali daga sunan da Faransawa ke kiran marar aikin yi. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ita ce mafi shahara a cikinsu, har ta ci kyautar Grammy a 2012. A zamanin tawayen 1990 kaset ɗin irin wannan kiɗa a ɓoye ake yawo da shi. Kafin Mdou ya girma, jita ta riga ta zama kiɗan biki a Agadas, ita ake kaɗa wa amarya da ango a fili, da janareta da lasifika.

Me ya kai shi Sakkwato?

Wanda ya san hanya ba zai yi mamaki ba. Daga Tawa ka gangaro Birnin Ƙonni, ka tsallaka Illela, ga Sakkwato. Hanya ce ta fatake tun kaka da kakanni, ta gishiri da dabino da raƙuma, daga baya ta zama ta albasa da man fetur. Ga ɗan Tawa, Sakkwato ta fi Yamai kusa.

A wancan lokacin kuma arewacin Nijeriya na da abin da garuruwan Abzin ba su da shi da yawa, wato situdiyo mai araha da ma'aikata masu saurin hannu. Harkar finafinan Hausa ce ta haifar da su. Tun ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan da fim ɗin Sangaya ya yi tashe da waƙarsa, fim ba ya sayuwa sai da waƙa, sai ɗakunan naɗar murya suka yi ta tsirowa, Kano a gaba, sauran birane na biye. Mawaƙan Nijar sun daɗe suna tsallakowa domin wannan. Fati Nijar daga Maraɗi ta zo, ta zama ɗaya daga cikin muryoyin da aka fi ji a finafinan Kano.

A 2008 Mdou ya shiga situdiyo a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, ya sa masa suna Anar. Da Buzanci ya rera, da jitarsa marar lantarki, amma duk abin da aka zagaye muryar da jitar da shi na gidanmu ne.

Yadda ake haɗa irin wannan waƙa

Nan ne ya kamata a daɗe, domin mutane da yawa suna jin waƙa ba su san yadda ake girka ta ba. Na taɓa yini a wani ƙaramin situdiyo a Kano, na raka wani ɗan'uwana da zai yi waƙar biki. Ɗaki ne ciki da falo. An lulluɓe bangon ƙuryar da soso don kada ƙarar babura ta shigo, ga makirfo ɗaya a tsaye. A waje mai kiɗa na zaune gaban fiyano ƙirar Yamaha da kwamfuta. Ya ce da ɗan'uwan nawa, "Malam, rera mini amshin in ji." Ya rera sau biyu. Kafin ya rufe baki mutumin ya fara danna maɓallai da yatsa biyu, ga ganga ta fito, ya ɗora mata wani sauti mai kama da kalangu, ya ƙara sarewa, duk daga cikin akwatin nan guda. Ba makaɗi ko ɗaya a ɗakin. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Mataki na farko ke nan, shimfiɗa kiɗa. Na'ura ce ke buga gangar, ba ta gajiya, ba ta sauri ba ta lafawa, tana maimaita zagaye ɗaya har ƙarshe. Na biyu shi ne ɗora murya, baiti bayan baiti, inda aka yi tuntuɓe a goge a sake. Na uku shi ne wanda ya ba "Tahoultine" kamanninta, wato gyaran murya da manhajar Auto-Tune.

Wani kamfanin Amurka mai suna Antares ne ya fito da wannan manhaja a 1997. An yi ta ne domin ta daidaita muryar mawaƙi a asirce idan ya ɗan kauce. Amma idan aka murɗa ta har ƙarshe, sai ta riƙa fizgar murya daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da gangarowa ba, muryar ta riƙa karkarwa kamar ta ƙarfe. Mawaƙiya Cher ce ta fara fito da wannan salo fili a 1998. Masu kiɗanmu sun karɓe shi hannu bibbiyu, kuma ina ganin da dalili. Waƙar fim ɗin Hausa ta ɗauko lanƙwasar murya daga finafinan Indiya, ga kuma jan baiti irin na masu bege, kuma manhajar ta fi nuna kanta a muryar da ke yawan lanƙwasa. Duk inda mawaƙi ya karya murya, nan take walƙiya.

Waƙar Buzaye ita ma mai lanƙwasa ce. Da aka sa muryar Mdou a wannan injin, aka shimfiɗa mata gangar na'ura, jitar na tafiya a hankali a tsakani, sai aka samu abin da ba a saba ji ba a kowane ɓangare. Buzu zai ji harshensa da kiɗan garinsu, sanye da rigar Kano. Bahaushe zai ji sautin da ya sani sarai, amma ba ya jin kalma ɗaya.

Ina haɗin waƙar nan da kiɗan rok?

Rok kiɗa ne na jitar lantarki da ganga da jita mai kauri da ake kira bes, ya taso a Amurka a shekarun 1950. Kalmar a Turanci tana nufin dutse, tana kuma nufin girgiza, kuma ma'ana ta biyu ce ta ba kiɗan suna.  

A ƙarshen shekarun 1970 wasu matasa a Ingila da Amurka suka gaji da rok mai nauyi da dogon surutun jita. Suka shigo da fiyanon lantarki da gangar na'ura, suka gajarta waƙa, aka raɗa wa salon suna new wave, wato sabon yayi. Ƙungiyoyi irin su Blondie da Talking Heads ne a gaba. Talking Heads ma ba su ɓoye ba, kundinsu Remain in Light na 1980 sun gina shi a kan abin da suka koya daga kiɗan Fela Kuti. Mdou bai fito daga wannan zuriya ba, amma abin da ya faru da jitar Buzaye a Sakkwato irinsa ne: tsohon kiɗan jita ya haɗu da na'ura, ya fito da sabuwar fuska. Shi ya sa kunnen Baturen da ya tashi da sabon yayi bai sha wahalar karɓar "Tahoultine" ba.

Yadda ta yaɗu ba rediyo, ba kamfani

Ba a buga Anar a faifai an kai kasuwa ba a lokacin. Ba talla, ba ɗan kasuwar da ya saya. Waƙoƙin sun fita ne kawai suka shiga wayoyin mutane.

Matasan yanzu da suka buɗe ido da data ba za su gane daɗin wannan zamani da wahalarsa ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma kafin ƙarshen shekarun 2000 ƙananan wayoyi 'yan Caina masu katin memori da babbar lasifika sun cika ƙauyuka. Ba intanet, amma akwai bulutut. Ina tuna yadda muke yi a dandali bayan sallar isha'i. Ka ji waƙa a wayar wani, ka ce, "Don Allah tura mini." Sai a kunna bulutut, a haɗa kawunan wayoyin biyu a kan tabarma kamar hakan zai ƙara musu sauri, a zuba ido ana kallon layin yana cika a hankali. Idan wani ya ɗauki wayarsa ya matsa, ta yanke, a koma farko. Ranar kasuwa kuwa sai a kai memori wajen 'yan dawunlodin, yaro ya zura shi a kwamfuta ya cika maka shi da waƙa da wa'azi da fim, ka biya ka tafi.

Haka abin yake daga nan har Sahara. Direban babbar mota ya ɗauko waƙa a Agadas, ya kwana a Tawa ya tura wa mai shayi, wani ɗan ci-rani ya karɓa ya wuce da ita Gawo ko Tamanrasat. Kowace tasha ma'ajiya ce. Waƙar da ba ta yi daɗi ba a hanya take mutuwa, domin memori ƙarami ne, dole ka goge wata kafin ka sa wata. Wadda ta rayu ta tsallake iyaka uku, to jama'a ne suka zaɓe ta da hannunsu, ba wanda ya biya kuɗi aka sa ta. Ta wannan siraɗi waƙoƙin Anar suka bi har suka kai arewacin Mali.

Sai dai hanyar tana da mugun aibi guda. Waƙa na tafiya, suna na zubewa. Wani ya sake mata suna da na budurwarsa, wani ya bar ta da lambobi. Hoton mawaƙi ba ya bin ta, balle sunan wanda ya shimfiɗa kiɗan, balle kuɗi. Mutum na iya yin tashe a ƙasa uku yana kwana da yunwa.

Baƙon da ya tsince ta a Kidal

Christopher Kirkley Ba'amurke ne daga birnin Portland. Ya zo Afirka ta Yamma da na'urar naɗar sauti, a 2009 ya buɗe shafin da ya kira Sahel Sounds. Da ya zauna a Kidal ta arewacin Mali sai ya lura cewa taskar kiɗan yankin tana aljihun mutane. Ya fara musaya da su, ya ba su abin da ke kwamfutarsa, ya kwafi abin da ke memorinsu. Daga nan ya tace wasu ya fitar a kaset a 2010 da sunan Music from Saharan Cellphones, wato kiɗa daga wayoyin Sahara, sannan aka buga shi a faifan garmaho a 2011. "Tahoultine" na ciki, kuma tana cikin waɗanda suka fi jan hankalin masu saurare a waje.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya bambanta shi da masu kwasar kayan mutane su yi gaba. Ya shiga cigiyar masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya don a yi yarjejeniya a ba su kasonsu. Na Mdou, guntun sunan da ke jikin waƙar kaɗai yake da shi. Bayan doguwar tambaya ya samu lambarsa, ya kira, daga baya ya taka har Nijar. Tsarabar da ya riƙo masa ita ce jitar lantarki ta bahagwai, abin da samunsa ke da wuya a yankin. Ka tuna yaron da ya fara da wayar birki.

Kirkley bai tsaya a kan Buzaye ba. A 2013 kamfaninsa ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, domin ya bi sawun sautin ya gano inda aka samo shi. A 2014 kuma aka buga Anar a faifai, shekara shida bayan naɗarsa.

Daga mutum ɗaya zuwa ƙungiya

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Kundin Afelan ya fito a 2013, an naɗe shi kai tsaye a Cintabaradan. A 2015 Mdou ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina a kan Purple Rain na mawaƙi Prince, labarin makaɗin jita a Agadas da mahaifinsa ba ya son sana'arsa. Sannan ƙungiya ta tsayu: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun a bes, wanda kuma yake haɗa musu sauti. An naɗi kundin Ilana a Detroit, ya fito a 2019. Kamfanin Matador na New York ya ɗauke su, ya saki waƙar "Chismiten" a 2020 a matsayin ɗanɗano, sannan kundin Afrique Victime a 2021, sai Funeral for Justice a 2024, shekarar da suka hau dandalin bikin Coachella.

Wanda ya ji waɗannan bayan ya ji "Tahoultine" zai ɗauka ba mutum ɗaya ba ne. Gangar na'ura ta tafi, mai ganga na jini da tsoka ya zo, yana fara waƙa a hankali ya yi ta ƙara wuta har ta ƙare a guje. Gyaran murya ya tafi. Jitar ta koma mai ƙara da kururuwa, har 'yan jaridar waje suna kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne. Maganar ma ta faɗaɗa, daga soyayya zuwa halin da Afirka ke ciki, da yadda Faransa ta shafe shekaru tana haƙar yuraniyom a Arlit alhali gidajen talakawan Nijar ba wuta, da tsoron kada harshen Buzaye ya ɓace.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kifar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum, ya same su suna rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, suka maƙale. A zaman jiran nan suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice, wanda bai fito ba tukuna a lokacin, da jita marar lantarki, ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Wa ya karɓe ta, kuma wa ya ci moriya?

Karɓa iri uku aka yi wa wannan waƙa. Buzaye sun karɓe ta a matsayin tasu, waƙar saurayi da ake ji a waya ana shan shayi. Turawa sun karɓe ta da mamaki, domin sun saba a kawo musu kiɗan Sahara a matsayin abin gargajiya tsantsa, da raƙumi da rawani, sai ga murya ta fito daga hamada tana amo kamar ta injin. Wasunsu sun fi son haka, wasu sun fi son jitar zalla, kuma kasuwarsu ce daga baya ta fi ba da ƙarfi ga salon rok ɗin. Mu kuwa, da aka yi abin a gidanmu, kusan ba mu karɓe ta ba sam, saboda harshe. Bahaushe da kalma yake jin waƙa, tun daga Shata da Ɗanƙwairo har zuwa yau. Idan bai ji abin da ake faɗa ba, da wuya ya ajiye ta a memori.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke raina wannan sauti namu. Sau nawa ka ji ana cewa kiɗan fiyano ba kiɗa ba ne, ya kashe kalangu da kotso, duk waƙoƙin iri ɗaya ne? Akwai gaskiya a kukan, domin makaɗan gargajiya da yawa sun rasa abinci. Amma yaran nan da ke zaune gaban Yamaha sun ƙirƙiro salo da ake gane shi daga bugun farko, salon da baƙo ya zo ya ara ya tafi da shi har ya buɗe masa ƙofa. Wannan gwaninta ce, kuma ta cancanci a kira masu ita da sunansu.

Nan ne matsalar take. Mdou ya yi sa'a guntun sunansa ya manne a jikin waƙar, ya kuma yi sa'ar wanda ya tsince ta mai neman mai kaya ne. Wanda ya danna maɓallan a Sakkwato kuwa, sunansa bai bi waƙar cikin wayoyi ba. Haka tsarin yake har gobe a yawancin ɗakunanmu: kuɗin zama ɗaya, ba takarda, ba kaso. Nijeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallaka, aka sa mata hannu a 2023, kuma yanzu da waƙa ke kawo kuɗi ta YouTube da Audiomack, rubuta sunan mawaƙi da mai kiɗa da situdiyo a jikin kowace waƙa, da 'yar yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, shi ne bambancin wanda zai ci guminsa shekara goma da wanda zai ji aikinsa a wayar wani bai san ta inda zai fara ba.

Kwanakin baya na je gida, na kai wayata caji a rumfar da na ambata. Na kunna wa yaron da ke wurin "Tahoultine" ban ce masa komai ba. Ya saurara yana gyaɗa kai, hannunsa na kan tulin cajojin da yake warwarewa. Can ya ce, "Yaya, wannan ai kiɗan Kano ne na da, yaren ne kawai ban gane ba. Wane ne?" Na gaya masa sunan, na ce a Sakkwato aka yi ta a 2008. Ya ce in tura masa ta manhajar Xender. Da ta shiga, na ga ya danna wajen sauya suna, ya miƙo mini wayar ya ce in rubuta masa sunan mai waƙar daidai.